Shekarar da Na Zama Kunnen Baba

Shekarar da maigidana ya rasu, bayan na fita takaba, na goya ɗiyata na koma gidanmu. Garinmu ɗan ƙarami ne a bakin Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Tasawa. Lokacin Nasara ba su iso ƙasar ba, gari ma kewaye yake da shingen ƙaya saboda mahara. Na iso da hantsi, na tarar da Baba zaune gindin aduwar tsakar gida, ya ba ƙofa baya, yana kankare gashin wata fatar akuya. Na yi sallama, bai juyo ba. Na ƙara ɗaga murya, shiru. Sai da inuwata ta faɗa bisa fatar sannan ya ɗaga kai.

"Uwata, ke ce?" ya ce, da ƙarfi kamar ina can bayan gari. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarshi aka sa mani.

An riga an gaya mani zazzaɓin bazara ya taɓa mashi kunne, amma ban zaci abin ya kai haka ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ƙura wa bakina ido, yana amsawa a inda yake jin ya kamata a amsa.

Baba makaɗin noma ne, gado ya yi. Gangarshi babba ce, shi ya sassaƙa ta da hannunshi daga gungumen icen danya tun ina goye. In an kira gayya, shi ke rataya ta ya shiga gaban manoma, kuma duk wani manomin kirki a garuruwan gulbi yana da takenshi a hannun Baba. Amma tun da kunnen ya tafi ya miƙa wa ƙanena gangar, wanda muke ce wa Auta. Yana jeme fata, yana murza tsarkiya, wato igiyoyin fatar da ke jan fuskokin ganga, amma gula, lanƙwasasshen icen kiɗan nan, ko taɓa ta ba ya yi. Inna ta daɗe da rasuwa. Matar Auta tana jin kunyarshi, ba ta iya yi mashi ihu a kunne, shi ya sa sai ya wuni ba wanda ya ce mashi komai.

Ni ba wannan kunyar tsakanina da shi. Na gano in na matsa kusa da kunnenshi na hagu na kauraro murya, yakan tsinci wani abu, sauran kuma ya ɗauka daga bakina da hannuna. A haka muka riƙa hira.

Wata safiya ina daka, yana zaune kusa da ni ya miƙe ƙafafu bisa ƙasa ba takalmi. Na kwashe gari, na tsaya ina wasa da taɓarya cikin turmi don ɗiyata ta yi dariya. Bai ko dubo ni ba ya ce, "Uwata, turmin nan ba komai ciki. Za ki fasa shi."

Na matsa na ce, "Baba, ka ji ne?"

"Ban ji ba. Ƙasa ta gaya mani." Ya nuna tafin ƙafarshi. "In da hatsi, dukan yakan zo mani a kwance. In babu, sai ya zo a tsaye, yana cizo."

Damina ta sauka da kyau a shekarar. Gero ya fito, haki ya fito tare da shi, mai gari ya aiko a gaya mana za a yi mashi gayya. Auta ya sauko da gangar daga inda take rataye cikin ɗaki, sai ga ɓera ya ci fuska ɗaya. Ba wani abin damuwa ba ne, akwai fata jemammiya. Auta ya jiƙa ta, ya ɗora, ya ɗinke ta da zoben da ke riƙe baki, ya ja tsarkiya, ya bar ta ta bushe. Da ya tashi gwadawa, ina surfe a gefe. Ya buga. Na tsaya da surfen. Ya sake bugawa, ya dube ni, na dube shi. Wannan ba muryar da muka tashi da ita ba ce.

Baba yana kallonmu. Ya ce, "Auta, mi ta ce?"

Auta ya ɗaga hannu ya nuna lafiya lau. Sannan ya juya baya don kar Baba ya ga bakinshi, ya ce mani, "Yaya, kar ki gaya mashi. Gobe da sassafe in tafi in aro ganga wurin makaɗan garin gaba. Ba ni son ranshi ya ɓaci."

Don tausayi ya faɗi haka, na sani. Amma Baba ba yaro ba ne. Ya ga yadda taɓarya ta tsaya a hannuna. Ya yafito ni.

"Uwata, ke ba ki iya ɓoye fuska ba. Mi ta ce?"

Na durƙusa wajen kunnen hagu na ce, "Baba, kamar an doki jiƙaƙƙiyar tabarma."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinshi tun dawowata. Ya ce a kawo mashi ita.

Ya kafa gangar tsaye tsakanin ƙafafunshi, sabuwar fuska na kallon sama. Ya ce in ba shi gero. Na ɗebo mashi cikin tafi, ya barbaɗa bisa fatar, ya sa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa tsakiya. Ƙwayoyin suka yi tsalle. Ya ci gaba a hankali, muna kallo. A gefe ɗaya suna tashi suna faɗuwa kamar ƴan awaki, a ɗaya gefen kuwa sai rarrafe suke, har suka taru suka kwanta.

"Ka gani, Auta? Nan ka ja da ƙarfi, nan hannunka ya gaji. Fata guda ce amma ka raba mata hankali." Ya shafa wurin. "Abin da mutane ke ji, ba dukan ba ne. Duka ya wuce tun da gula ta tashi. Rawar da fata ke yi bayan dukan, ita ce murya. In rabi na rawa rabi na barci, tabarma za ka ji."

Auta ya sunkuyar da kai. Baba ya dafa mashi kafaɗa ya ce shi ma haka ya yi fatarshi ta farko, har kakanmu ya ce a ba matan gida ita su yi faifai.

Daga nan aikin ya zama namu mu uku. Auta ke da ƙarfin jan tsarkiya. Baba ke bin bakin gangar da yatsa, yana ƙwanƙwasa nan, ya matsa kaɗan ya ƙwanƙwasa can. Ni kuma in faɗi ko muryar nan da ta can ɗaya ce. Da farko na rasa yadda zan faɗa. Ni ba makaɗiya ba ce, abin da na sani shi ne lugude da kiɗan ƙwarya na biki. Na ce mashi ban san kalmomin ba.

"Faɗa mani da kayan ɗakinki," ya ce. "Na san su duka."

Sai na fara. In ya taɓa nan in ce, "Tulu cike da ruwa." Ya taɓa can in ce, "Tulun da aka sha rabi." Ya nuna wa Auta tsarkiyar da za a ja. Auta ya taka gangar da ƙafa ya ja har jijiyar wuyanshi ta fito. A sake taɓawa in ce, "Yanzu ta wuce, ta koma ƙoƙo." Baba ya ce a sassauta. Ya gaya mani duk yadda fata ta ƙara ɗamewa, rawarta na ƙara sauri, murya na ƙara sirancewa. In ta saki, rawar ta yi nauyi, murya ta yi kauri. Shi yana jin saurin a fatar yatsunshi, amma bambanci ɗan kaɗan yakan kuɓuce mashi, nan ne nake shigowa.

Matar Auta ta kawo mana fura ta tarar ina cewa "akushi, a'a, akushin da ya tsage," ta koma ɗaki tana dariya a zane.

Wajen la'asar bakin gangar ya daidaita, duk inda aka taɓa murya ɗaya. Geron ma ya riƙa tsalle bai ɗaya. Auta ya rataya ta ya buga da gula. Ta fi ɗazu nesa ba kusa ba, amma har yanzu da saura. Muryar na fitowa ta tsaya nan take, ba ta tafiya.

"Mi ta ce?"

Na yi tunani na ce, "Kamar mai magana an toshe mashi hanci."

Baba ya ce Auta ya kwantar da ita bisa cinyarshi. Ya manna kuncinshi jikin tsohuwar fuskar, wadda ba a buga ba, ya ce a bugi sabuwar. Aka buga. Ya daɗe a haka ido rufe, ana bugawa. Da ya ɗago ya ce, "Ƴar'uwarta na amsawa, amma a takure. Iskar da ke ciki ita ke ɗaukar saƙo daga wagga fata zuwa waccan. In ba ta da wurin numfashi sai ta riƙe su duka biyu."

Ya juya gangar yana laluben jikin icen. Akwai wata ƴar huda a tsakiyar cikinta, wadda ni duk zamana a gidan ban taɓa kula da ita ba. Ya ce in tsinto mashi gashin kaza. Ya riƙe gashin a bakin hudar ya ce a buga. Gashin bai motsa ba. Ya karyo ƙayar aduwa ya zura, sai ga busasshen laka na zubowa, har da ƴan tsutsotsi. Zanzaro ne ya yi ɗaki a ciki tun rani.

"Baƙo muka yi bai yi sallama ba," in ji Baba.

Ya sake riƙe gashin. Auta ya buga, gashin ya yi firgigit. Ni kuwa na ji muryar a ƙirjina kafin in ji ta a kunne. Kajin gidan suka watse. Ɗiyata da ke rarrafe ta zauna daɓas tana neman inda abin ya fito. Daga maƙwabta wata tsohuwa ta leƙo ta bisa danga ta ce, "Ashe tana nan da ranta."

Baba bai tambaye ni ba a wannan karon. Tafinshi na bisa icen. Ya gitta siririyar tsarkiyar nan da ke kwanciya bisa fata tana ba murya ɗan kurman ƙugi irin na zuma, ya ɗaure, ya miƙa wa Auta.

Ranar gayya muka wayi gari da yayyafi. Fata ta sha sanyi ta saki, gangar ta koma magana ƙasa-ƙasa. Auta ya so ya ja tsarkiya, Baba ya hana, ya ce in rana ta fito za ta ɗame ta fashe. Ya sa aka hura wutar kara, ya riƙa juya fuskokin daga nesa yana shafawa, ni ina faɗa mashi, har muryar ta hau inda take jiya. Auta ya rataya ya tafi.

Baba ya ce ba za shi ba. Da na gama dama fura na aza ƙwarya a kai, sai na gan shi a ƙofar gida ya sa tagiyarshi ta fita.

"Ƙwaryar nan ta yi maki nauyi," ya ce. "Bari in raka ki."

Bai ɗauki komai ba, amma ya raka ni.

Gonar mai gari na bisa tudun yashi. Maza sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa da hauyarshi mai doguwar ƙota, suna turawa a tsaye, Auta na gabansu yana ja da baya yana kiɗa. Kiɗanshi ba laifi. Muka zauna gindin wani gawo inda mata suka ajiye abinci. A nan muka tarar da tsohon sarkin noman garinmu, abokin Baba tun suna samari. Ƙugu ya hana shi aiki, kallo kawai ya zo. Suka gaisa da hannu. Can tsohon ya sa aka kira Auta ya ce a yi mashi takenshi, ko sau ɗaya, ya daɗe bai ji ba.

Auta ya fara. Farkon ya yi daidai, da ya kai tsakiya sai ya sarƙe, ya koma farko, ya sake sarƙewa. Taken tsoho ne, an daɗe ba a buga shi ba. Tsohon ya ce ba komai, Allah ya yi albarka. Baba yana kallon hannun Auta duk lokacin nan, leɓenshi na motsi. Sai ya miƙe ya miƙa hannu.

Auta ya cire gangar ya rataya mashi. Baba ya karɓi gula. Ya matse gangar jikin cikinshi sosai, fiye da yadda ya saba. Ya dube ni ya ce, a hankali wannan karon, "In na ɓata, ki taɓa hancinki."

Ya buga. Ban taɓa hancina ba. Taken ya fito sarai, da ɗan jinkirin nan nashi kafin bugu na ƙarshe, wanda Auta bai taɓa iyawa ba. Manoma suka ɗago kai. Tsohon sarkin noma ya dafa gawo ya miƙe, ya karɓi hauya daga hannun wani jikanshi, ya shiga layi. Bai yi nisa ba, kunyar shuka ɗaya ya kai rabinta, amma ya yi ta da kirari, mata na guɗa. Baba kuwa ya wuce gaban layin. Yana kallon ƙotocin hauya yadda suke tafiya suna dawowa, yana aza bugunshi a kai. Ya bi manoman ɗaya bayan ɗaya da takensu, kowa ya ji nashi ya ƙara wuta.

Da abin ya yi mashi daɗi sai ya rufe ido. Rana ta take, mai gari ya ce a huta a sha fura. Kowa ya ajiye hauya ya nufo inuwa. Baba na can tsakiyar gona shi kaɗai, yana ja da baya yana kiɗa wa gero. Mutane suka tsaya da ludayi a hannu, ba wanda ya so ya katse shi. Wasu na murmushi, wata gwaggonmu na share ido da bakin zane. Daga baya na taka na je na dafa mashi hannu. Ya buɗe ido ya ga ba kowa, ya waiga ya hango su duka a gindin gawo suna kallonshi.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Ba a daɗe ba, Baba."

"Ragwaye," ya ce, ya kama dariya, su ma suka kama.

Daga ranar ya koma fita gayya. Auta ke ɗaukar yawancin kiɗan, Baba ya karɓa in an zo kan tsofaffin take, yana yi yana nuna mashi da hannu. Ɗaurin fata kuwa ba a yin shi sai ina zaune.

Da kaka ta yi aka kwashe hatsi, Buzaye suka sauko da dabbobinsu suka sauka a gonarmu kamar kowace shekara, dabbobi na cin kara suna bar mana taki. Akwai wata Buzuwa a cikinsu, tsarata, mai jin Hausa sosai, muna musayar nono da gero. Wata rana ta zo ta ce in ara mata turmina, nasu ya tsage, kuma suna da suna. Na ce ta kawo hatsin in daka mata. Ta ce ba daka za su yi ba, kiɗa za su yi.

Da na gaya wa Baba, ya ce sai ya gani da idonshi. Muka je da la'asar. Sun rufe bakin turmin da ɗanyar fatar akuya, sun ɗaure ta da wasu taɓare biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Mata biyu suka zauna bisa taɓaren, nauyinsu ke jan fatar. Ƙawata na bugawa da tafin hannu, wata na tsaye da ƙoƙon ruwa tana yayyafa wa fatar lokaci-lokaci. Baba ya zagaya turmin, ya tsuguna, ya nemi izini ya aza tafinshi a gindinshi. Matan suka yi ta dariya, ba su taɓa ganin namiji ya matso haka ba.

"Uwata, tambaye ta. Mu ruwa ke kashe mana ganga, su kuma shi suke ba ta. Ƙaƙa haka?"

Na tambaya. Ta ce in fatar ta bushe takan yi tauri, murya ta yi kaifi ta ƙi tafiya, raƙuma ma ba su taka mata rawa. Ruwa ke sa ta laushi. In kuma ta saki da yawa, sai matan su matsa can ƙarshen taɓaren, ta ɗame. Ta ce wa matan su matsa don ya gani. Suka matsa, Baba ya ji rawar ta sauya a tafinshi. Ya ce su dawo, suka dawo. Ya sa su matsawa da dawowa har ɗayar ta ce ita ba ta zo suna don tsoho ya mai da ita tsarkiya ba.

Da suka maido turmin, ban same shi ba. Baba ya riga ni. Ya samo fatar ɗan akuya, ya ɗauke taɓarena duka biyu, ya zaunar da ni a gefe ɗaya, matar Auta a ɗaya gefen, kunyarta da komai. Ya yi ta yayyafa ruwa yana bugawa yana tambayata mi ta ce. Kwanakin nan a maƙwabta muka riƙa daka. Da ƙyar na karɓe turmina, kuma har sanyi ya shigo furarmu na ɗan warin akuya. Auta ya yi ta ƙorafi. Baba ya ce shi bai ji wani wari ba, ya miƙo ƙoƙo a ƙara mashi.